Tulun Tangaran Daga Makango Zuwa Bawku

Mun tashi da asuba daga Salaga, ni da direba, ko koko ba mu tsaya sha ba, muka nufi Makango taryen baƙuwa. Ku da kuka dame ni da tambayar ina na shige kwana biyu, ga labarin. Amma in gaya muku tun yanzu, ba yawon shan iska na je ba. Rabon da in ji tsoro irin na wannan tafiya har na manta.

Baƙuwar matar abokina ce, 'yar Hong Kong. Ni da shi mun yi shekaru a can muna sarin tsofaffin wayoyi muna turowa gida. Shi ɗan Bawku ne. Ni na gaji na dawo Salaga na kama sayar da doya, shi ya yi aure ya zauna. Bara ciwon zuciya ya ɗauke shi, Allah ya jiƙansa. Labarin rasuwa ya iso ta waya, amma na jana'iza bai iso da kyau ba. Wani ya ce an yi, wani ya ce ai a can ƙona gawa ake yi, kowa da kowa. Maganar ƙonawar ce ta kai kunnen mahaifiyarsa. Da matar ta ce za ta zo gaida surukarta, sai wansa ya kira ni, don ni kaɗai ya sani mai jin yarenta. Ya ce, "Abu guda muke so mu sani. An binne shi ko an ƙona shi? In an ƙona shi, wallahi Mma ba za ta kai azumi ba." Na taɓa gwada tambayar matar ta waya, ta ce sai ta zo.

Hanyar Makango tana nan yadda kuka san ta, rami na miƙa ka ga rami. Mun isa rana ta ɗan ɗaga, bakin ruwa ya cika da mata masu kwandunan kifi, banda da ɗanye. Kifin da za a tsuga maka kuɗinsa a Salaga, a nan sai ka ji kunyar tayawa. Direba ya saya har ya rasa inda zai sa. Mutum ne mai surutu, Bagonje, Hausarsa ta zango ce wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne.

Jirgin ruwa daga Yeji ya iso da hantsi. Ƙanwata da ke Kumasi ce ta rako baƙuwar, ta damƙa mini ita ta koma. Ƙaramar mace ce cikin baƙaƙen kaya, furfura ta fara mata. Ba ita na fara kallo ba, abin da ta rungume na kalla: ɗan tulun tangaran mai murfi, naɗe da ƙyalle. A ɗaya hannun tana riƙe da baƙar lema, amma ba kanta take rufewa ba, tulun take yi wa inuwa. Tana taka ƙasa sai ta sunkuyar da kai ta ce da tulun a hankali, "Gwo jo hoi la." Wato, mun haye ruwa.

Nan take na tsorata. Na san wannan al'adar. A benen da muka zauna a Hong Kong na taɓa ganin maƙwabcinmu ya ɗauko tokar mahaifinsa. Haka ya yi mata lema don kada rana ta taɓa ta, haka ya riƙa sanar da ita duk inda suka kai: mun shiga mota, mun haye gada, mun iso, wai kada mamaci ya ɓata a hanya. Ban taɓa ganin an yi wa wani abu haka ba in ba toka ba.

Na daure na gaishe ta. "A-so" nake kiranta, wato matar yaya. Ta dube ni ta ce, "Sik jo fan mei?" Gaisuwarsu ke nan: ka ci abinci ko tukuna? Bari in ɗan tsaya a nan, don wannan 'yar kalmar "jo" ita ta raka mu har Bawku. A yaren Kanton, wanda ake yi a Hong Kong, in aiki ya auku an gama, sai a liƙa masa "jo" a baya. "Sik" ci ne, "sik jo" an ci. In ba a yi ba tukuna, sai a ce "mei". Ni a kasuwa na koyi yaren, kuma ɗan kasuwa da waɗannan biyun yake rayuwa: kaya sun iso ko tukuna, an loda ko tukuna. Ban taɓa zaton wata rana da su zan auna ran wata tsohuwa ba.

A Salaga ta kwana a gidana. Maiɗakina ta yi mata wasawasa da kifi, ta ci tana jinjina kai, har ta tambayi da me ake yi. Da na ce garin doya ne ta yi mamaki, don ita ta ɗauka wata irin shinkafa ce baƙa. Ganin ta sake sai na ce bari in gwada sa'ata. Na ce, "A-so, ranar da yaya ya rasu…" Ban ƙarasa ba ta ɗaga hannu ta ce, "Coi!" kamar mai korar kaza daga shanya. Ta ce ba a zancen mutuwa ana kan hanya, yana jawo abin da ba a so, in mun isa za ta faɗa wa uwarsa komai da bakinta. Na bar maganar. Tulun kuwa ta ɗora shi a kan tebur, ta juya shi yana fuskantar ƙofa. Maiɗakina ta ja ni gefe ta ce, "Mene ne a ciki?" Na ce shayi ne. Allah ya yafe mini.

Washegari muka kama hanyar Yendi ta Bimbilla. Doya ce ko'ina, an tara ta a bakin titi kamar ba kuɗi ake saye da su ba, manyan motoci na lodi za su kudu. A da in na bi hanyar nan idona na kan farashi, wannan karon idona na kan madubi, ina leƙen kujerar baya. Muka zo gadar kogin Daka, ta sunkuya ta yi raɗa, muna hayewa ta ce, "Gwo jo kiu la." Mun haye gada. Kowace gada haka, har da ƙananan da ni ban ma lura da su ba.

Direba ya kasa haƙuri. Ya ce, "Massa, wannan mata yana magana da tukunya tun jiya. Mene yana ciki?" Na gaya masa abin da nake zato. Sai da motar ta yi tangal-tangal. Ya yi salati ya ce da ya sani da bai ɗauko mu ba, shi bai taɓa ɗaukar gawa a motarsa ba, balle wadda aka soya. Na ce ya rufa mini asiri ya rage murya. Ya ce ai ba ta ji. Na ce ba ta jin Hausa, amma tana ganin fuska.

Mun shiga Yendi da azahar. Gari ne mai natsuwa, babura da kekuna na kai da kawo, mata na tuƙa babur da goyo a baya ba abin da ya dame su. Muka ci tuwon zafi da miyar ayoyo a wata rumfa kusa da tasha. A-so ta nemi cokali, mai tuwo ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta wanke mata hannu da kanta ta nuna mata yadda ake yankar loma. Ni kaɗan na ci na tsame hannu. Duk wanda ya ji Bawku za mu sai ya ajiye lomarsa ya dube mu. Wani ya ce mu koma ta Tamale da Savelugu mu bi babban titi, wani ya ce kul, gara ta Gushegu. Kowa da labarin motar da aka tare, kuma ba wanda ya gani da idonsa. Rikicin Bawku ba sabo ba ne, ba kuma ni zan yanke hukuncin mai gaskiya ba. Abin da na sani shi ne harsashi ba ya tambayar sunan ubanka.

A nan direba ya kawo shawararsa. Ya ce idan ta shiga bayan gida mu ɗauke tulun mu ce an sace, kowa ya huta. Na ƙi, amma ba don na fi shi tsoron Allah ba, don ni ma ina da tawa dabarar. Ni ne tafinta. Duk abin da ta faɗa, abin da na ga dama shi zai shiga kunnen tsohuwa. Na riga na shirya: in ta ce an ƙona, ni zan ce an binne, tulun kuma in ce turare ne na ƙasarsu. Tun daga Yendi nake bitar wannan ƙaryar a raina ina gyara mata zama.

Mun kwana a Yendi, da safe muka bi ta Gushegu. Ranar kasuwa muka tarar, shanu da tumaki sun tare hanya, buhunan masara da waken soya jibge. Daga nan gaba motoci suka fara ƙaranci. Direba ya kashe rediyo, surutunsa ya ɗauke ɗif. Da muka zo gangaren dutsen Nakpanduri, inda titi ke murɗawa ƙasa kamar igiya, ga kyan gani har ƙarshen ido, amma ni ƙafata ce ke taka birkin da babu shi. Bayan mun sauka sai ƙauyuka shiru, wasu shaguna a kulle da rana tsaka. Shirun ya fi komai tayar mini da hankali.

Kafin Garu sojoji suka tsayar da mu. Aka ce kowa ya fito, aka zazzage kaya, har kifin direba sai da aka shinshina. Wani matashin soja ya nuna tulun da bakin bindiga ya ce a buɗe. Na fassara mata. Ta ƙanƙame shi ta girgiza kai. Ya sake faɗa, da tsawa. Jama'a, ku dubi halin da na shiga. In ta ƙi, ga bindiga. In ta buɗe, ga toka a gaban mutane, kuma labari zai riga mu isa Bawku. Direban nan da ya so a jefar da tulun, shi ya matsa gaba ya ce mijinta ne ya mutu, ɗan Bawku ne, kayan mamaci take kai wa uwarsa. Wani babba a cikinsu ya zo ya dube ta, ya ga hawaye na zuba ba ta ko share su, lemar kuma na kan tulun. Ya karɓi tulun ya jijjiga shi kusa da kunnensa. Na ji wani abu ya yi shuu a ciki, kamar gari. Ya miƙa mata ya ce mu wuce, mu tabbata mun shiga gida kafin dokar hana fita. Wannan shuu ɗin ya gama kashe ni.

Bawku da na sani da hayaniyar 'yan albasa da ƙaurin gasasshen zabo, na same ta kamar mai jinya. Kasuwa na ci amma rabi-rabi, kowa na sauri, motar sojoji a kowace kwana. Wan marigayi ya tare mu a bakin lungu. Bai ko gama gaisawa ba ya dube ni da ido yana tambaya. Na kawar da kai.

Mma na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta rame har zanin ya yi mata yawa. Matan gida da na maƙwabta sun cika tsakar gida. A-so ta durƙusa a gabanta, ta ajiye tulun a tsakaninsu, ta sunkuyar da kai har ƙasa. Tsohuwa ta shafa kanta, sannan ta juyo gare ni.

"Ɗana, kai ne bakinta, kai ne kunnena. Yadda ta faɗa haka za ka faɗa mini. Kada ka ƙara gishiri, kada ka rage. Allah na jin ka."

Ƙaryar da na yini biyu ina ginawa ta rushe a nan. Na ce, "To, Mma."

"Tambaye ta, an yi masa wanka?"

Na tambaya. A-so ta ce, "Sai jo." Na ce, "An yi, Mma. Ta ce mutanen masallaci ne suka yi."

"An sa masa likkafani? An sallace shi?"

Kowace tambaya ta fita, ni kunnena na kan ƙarshen amsar, ina jiran in ji "jo" ko in ji wani abu dabam. An sa. An sallata. Saura guda. Mma ta ce, "A ƙasa aka sa shi?"

Na juya tambayar cikin yarenta. A-so ta dubi tsohuwa ido cikin ido ta ce, "Jong jo." An binne.

Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Ta ci gaba da magana ina fassarawa. Ta ce 'yan'uwanta har sun kama ranar ƙonawa, don haka suke yi wa nasu, kuma a wurinsu gata ne. Ita kuwa ya taɓa gaya mata cewa Musulmi ƙasa ake mayar da shi. Ta je ta zauna a ƙofar ɗakin ajiye gawa ta ce ba mai fita da shi sai mutanen masallaci sun zo. Yayanta ya ce ta kunyata su, har yau ba ya mata magana. Kabarin na kan tudu a maƙabartar Musulmi, an juya fuskarsa gabas ɗinmu, wato wajen Makka.

Mata suka ɗauki hamdala. Sai wan ya nuna tulun ya ce, "To wannan fa?" A-so ta kwance ƙyallen ta ɗaga murfin da hannu biyu. Ƙasa ce, ja-ja, da 'yan tsakuwoyi. Ta ce daga kan kabarinsa ta ɗebo, tunda gangar jikinsa ba za ta dawo ba, ta kawo shi gida ta haka.

Ni sanyi na ji, na fassara da murna, ban yi tunani ba. Kafin in rufe baki tsakar gida ta watse. Wata ta suri ɗanta ta yi waje, wata na salati tana ja da baya. "Ƙasar kabari! A cikin gida!" Kun dai san mu. A wurinmu ba mai ɗebo ƙasar kabari ya shigo da ita gidan mutane sai mai mugun nufi, wanda boka ya aika. Fuskar wan ta canja, ya miƙe tsaye. A-so na ta dube-dube, murfi a hannu, ta rasa me ta yi. Ta tambaye ni, ni kuma Kantonancina na kasuwa ne, ban san yadda ake cewa asiri ba. Tsoron da na ji a gaban soja ya dawo sabo.

Mma ce ta ce, "Miƙo mini." Ba wanda ya motsa, sai na miƙa mata da kaina. Ta tura hannunta cikin tulun har wuyan hannu, ta damƙo ƙasar ta murza ta a tafinta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga murya yadda na waje ma za su ji.

"Wadda ta bar danginta don kada a ƙona mini ɗa, ita ce za ta tsallako teku ta yi mini asiri? Ku dawo ku zauna, kun ba ni kunya."

Ta ce wa wan ya ɗauka ya kai maƙabarta tun da sauran rana, ya zuba a kan kabarin babansu. Da na gaya wa A-so cewa mata ba sa zuwa, ba ta yi gardama ba. Ta rufe tulun ta ce da shi, "Fan jo uk-kei la." Ka dawo gida. Ta miƙa wa wan, ya karɓa da hannu biyu yadda ya ga tana yi. Sai Mma ta ce a share zaure a shimfiɗa tabarmi, a gaya wa unguwa ta karɓi gaisuwa. Ashe tun da aka yi rasuwar ba ta yarda kowa ya yi mata ta'aziyya ba. Sai a ranar ta yi kukan ɗanta, kanta a kafaɗar matar da ba ta jin ko "sannu".

Mun kwana biyu. Da muka tashi komowa Mma ta ce surukarta ba inda za ta sai ta huta, wan zai kai ta Tamale ta hau jirgi. Na ce to wa zai yi musu tafinta? Ta ce in kama gabana, sun gama maganar da ke buƙatar tafinta. Muka biyo ayarin motocin da sojoji ke rakawa, ni da direba, ba mu yi numfashin kirki ba sai da muka ga Gushegu. A nan surutunsa ya dawo, ya ce shi dama tun farko ya san ba toka ba ce.

Na iso Salaga da la'asar, lafiya lau, sai gajiya. Abin da tafiyar nan ta koya mini, rabin sani ya fi jahilci tsoratarwa. Na san rabin al'adarta na yanke mata hukunci, matan Bawku sun san tasu suka yanke mata wani, ita kuwa alheri ta ɗauko tun daga farko. Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Tun a hanya nake tambayar kaina, da ni ne na mutu a can, wa zai zauna a ƙofar ɗakin gawa domina? Na bi abokan cinikina na wancan lokaci ɗaya bayan ɗaya, waɗanda muka ci tare muka yi sahu tare, ban sami wanda zan rantse a kansa ba. Abokina ya samu. Ku da ke ƙasashen mutane kuna karanta wannan, ku yi wa kanku tambayar tun kuna da bakin yi.